Saƙon murya da ya kwana 6 a waya: yadda muka kai wa hukuma rahoton matsalar tsinken awon sukari a Jidda

Kamfanin da nake aiki ƙarami ne, a Jidda yake, kuma na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Kakansu ya zo Hajji ta ƙasa, ya ratsa Sudan, ya tsallako daga Sawakin, bai koma ba. Shi ya sa Kawu ɗan ƙasa ne, amma har gobe Hausa ake yi a gida, sai dai Hausa ce da Larabci ya shiga jikinta: kantin magani saidaliyya, asibiti mustashfa, rasit fatura. Muna shigo da kayan jinya na amfanin gida, irin su keken marasa lafiya da na'urar awon hawan jini da na'urar awon sukari tare da tsinkayenta, wato 'yan siraran abubuwan da ake sakawa a na'urar a ɗiga musu jini. Ni ke riƙe da takardun hukuma da na inganci. Abin da zan bayyana ya faru ne a kan tashgila ɗaya ta tsinkayen awon sukari, wato kayan da aka ƙera a zubi ɗaya aka buga musu lamba ɗaya. Na cire sunan masana'antar da na duk wanda abin ya shafa.

Matsayinmu a gaban Hai'a

Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, SFDA, an kafa ta a 2003. Mu 'yan wannan sana'a Hai'a kawai muke ce mata, ba waccan Hai'ar ta 'yan Hisba da dattawa suka sani a kasuwanni lokacin salla ba. Tun daga ƙarshen 2008 take tafiyar da kayan asibiti da ƙa'idar wucin gadi, sai a 2021 cikakkiyar doka ta fito. A da, idan na'ura ta sami amincewar Amurka ko Tarayyar Turai ko Kanada ko Japan ko Ostareliya, wannan takarda kan sauƙaƙa mata shiga. Daga farkon 2022 an rufe wannan ƙofa, yanzu sai masana'anta ta miƙa cikakken kundin bayanin kayanta an duba kafin a ba ta izinin sayarwa, wanda ake kira MDMA. Kayan aji huɗu ne gwargwadon haɗarinsu, daga A zuwa D. Tsinken awon sukari yana aji C, ɗaya ne ya rage masa ya kai ƙololuwa. Mai ganinsa ɗan siriri a cikin gwangwani zai yi mamaki, amma mai ciwon sukari da lambar da tsinken ya nuna yake auna allurar da zai yi wa kansa.

Masana'antar da ke waje ba ta magana da Hai'a da bakinta. Dole ta naɗa wakili mai lasisi a cikin ƙasa, da yarjejeniya a rubuce. Mu ne wakilin wata masana'anta a China, mu ne kuma masu shigo da kayanta da rarraba su. Kawu ya daɗe yana kallon wakilcin a matsayin riba, tunda ba wanda zai shigo da kayan sai ta hannunmu. Ni kuwa da nake karanta yarjejeniyar na san ɗaya fuskar: duk abin da na'urar ta yi wa mutum a tsakanin Jizan da Tabuka, ƙofarmu za a fara ƙwanƙwasawa.

Balagi, wato rahoton matsala, ana shigar da shi ne a cibiyar Hai'a ta karɓar rahotannin kayan asibiti, NCMDR, kuma yana da wa'adi. Kwana 2 idan abin barazana ne ga lafiyar jama'a da yawa. Kwana 10 idan an yi rasuwa ko mummunan rauni. Kwana 30 ga sauran, har da wanda bai cutar da kowa ba amma zai iya cutarwa idan ya sake faruwa. Lissafin yana farawa daga ranar da kamfani ya sami labari. Duk rigimarmu a kan wannan jimla ta ƙarshe ta tsaya.

Yadda labarin ya iso

A wajen walimar aure a Makka na ji, ba a ofis ba. Muna zaune bayan isha, sai wani dattijo ya tambayi babban ɗan Kawu, wanda nake ce wa Yaya, kuma shi ke kula da ciniki: “Ya jikin Hajiya? An ce na'urarku ce ta kusa kai ta.” Yaya ya ce da sauƙi, an sallame ta, ya kuwa sauya magana. A mota na tsare shi.

Hajiyar surukar wani ɗan'uwanmu ce, tsohuwa, ta shekara da shekaru tana allurar insulin. Wani dare ta auna, na'ura ta nuna sama da 300. Ta sake aunawa da wani tsinke daga gwangwani ɗaya, lambar ba ta yi nisa da ta farko ba. Sai ta ƙara allura kamar yadda likita ya koya mata ta yi idan sukari ya hau. Kafin asuba 'yarta ta same ta sharkaf da zufa, jiki na rawa, ba ta gane mutane. Ma'aikatan Hilal Ahmar, wato masu agajin gaggawa, da suka zo sun auna da tasu na'urar, sukarin bai kai 50 ba, alhali daga ƙasa da 70 ake cewa ya faɗi. An ɗaura mata ruwan sukari, ta kwana biyu a mustashfa. Washegarin faruwar abin 'yar ta aiko wa Yaya saƙon murya ta WhatsApp, da Hausa. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta ba da haƙurin damunsa, sai can ƙarshe ta ce ko dai tsinken nan yana da matsala. Yaya ya je dubiya da kayan marmari, ya kai musu sabon kwali kyauta, ya karɓo tsohon gwangwanin ya jefa a aljihun mota. A wurinsa magana ta ƙare, ya yi zumunci, ya yi gyara.

Na duba ranar saƙon. Kwana 6 ke nan.

Da na matsa, sai wasu biyu suka fito. Makonni kafin haka wani direba ya ce lambar gida ta fi ta asibiti nesa ba kusa ba, aka canza masa kwali. Wani mai saidaliyya a wajen Shari'a Mansur ya ce mutum biyu sun dawo masa da kaya, aka yi masa ragi a fatura ta gaba. Babu ɗaya da aka rubuta. A ma'aunin ISO 13485, wanda duk tsarin ingancinmu ya rataya a kansa, ƙorafi shi ne duk maganar da ta zo a rubuce, ko ta na'ura, ko da baki, tana cewa kaya suna da aibi. Bai ce sai an cike fom ba, bai ce sai da Larabci ko Ingilishi ba. Mu kuwa mutanenmu ba sa kawo ƙorafi da sunan ƙorafi. Suna kawo shi a naɗe cikin gaisuwa, da kunya, ga wanda suka sani, shi ma ya karɓa da kunya ya rufa asiri. Tsarin da muka rubuta muka nuna wa masu bincike yana da akwatin imel da lambar ofis, kuma a shekara guda ba a fi ƙorafi kaɗan ba ta can. Na gaskiyar suna wayar Yaya.

Ni da Kawu

Da sassafe na same shi kafin ma'aikata su zo. Na ce, “Kawu, kwana 4 suka rage mana mu kai balagi.”

Ya ce, “Kai ɗana, ai jiya ka ji. Daga jiya za ka ƙirga.”

Na ce Yaya ma'aikacin kamfani ne, ranar da ya saurari saƙon ran nan kamfani ya sani. Idan mustashfa ta riga ta kai nata rahoton, domin su ma doka ta ɗora musu, ko 'yar Hajiya ta kira 19999, lambar da Hai'a ta ware wa jama'a, za a tambayi iyalin ranar da suka gaya mana, kuma saƙon yana nan da kwanan watansa.

Damuwarsa ba ta rashin imani ba ce, dole in faɗi wannan. Cewa yake ba mu tabbatar tsinken ne ba. Tsohuwa ce, wataƙila ta ci dabino ba ta wanke hannu ba, wanda kowa ya san yana ɗaga lamba. Wataƙila ba ta ci abincin dare ba. Me zai sa mu kai kanmu ƙara kafin China su ba da amsa? Amsar da na ba shi ita ce balagi ba amsa laifi ba ne. Abin da ake tambaya shi ne ko na'urar tana iya kasancewa da hannu a abin da ya faru, ba ko an tabbatar ba. Shi ya sa aka yi shi hawa-hawa: na farko da abin da ke hannu, na biye idan bincike ya ci gaba, na ƙarshe idan an gano sanadi. Wanda ya ce sai ya gama bincike zai yi magana, wa'adi zai wuce shi, sannan ga tara mai iya kai miliyoyin riyal, ga dakatar da izini, ga rufe kamfani.

Ya yi shiru yana juya kofin shayi. Can ya ce, “To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rubuta, amma in gani kafin ka tura.”

Kwana huɗun ma ba cikakku ba ne. Hutunmu Juma'a da Asabar, nasu a China Asabar da Lahadi, kuma suna gabanmu da awa 5. Kwanakin da ofisoshin biyu suke buɗe tare Litinin zuwa Alhamis ne, su ma rabin yini kawai. Na tura musu bayani ranar Laraba. Amsar farko ta zo a daren Alhamis, layi uku: sun gwada samfurin da suka ajiye na wannan tashgila, lafiya lau, matsalar daga ajiya ce ko daga mai amfani, ba su ga dalilin rahoto ba. Na mayar musu cewa a matsayinmu na wakili za mu shigar ko sun yarda ko ba su yarda ba, kuma zan rubuta ra'ayinsu a ciki kamar yadda suka faɗa. A rana ta 9 balagin ya shiga. A ranar kuma muka ware duk abin da ya rage na tashgilar a sito, muka zagaye da jan tef.

Inda aibin yake

Zargin ajiya ba zargin banza ba ne. A kan tsinken akwai sinadarin da ke haɗuwa da sukarin jini ya haifar da 'yar wutar da na'ura ke juyawa zuwa lamba, kuma zafi da laima duk suna lalata shi. Yawancin tsinkaye an rubuta kada a ajiye su sama da digiri 30. A ƙasar da aka auna 51.8 a Harami a watan Yunin 2024, wannan sharaɗi ba wasa ba ne, ga kuma laimar Jidda da ke sa gilashin mota ya yi gumi da dare. Manyan kamfanoni ma sun sha wannan: a ƙarshen 2010 Abbott ya janye tsinkaye har miliyan 359 a Amurka saboda suna iya nuna lamba ƙasa da gaskiya, kuma an ce waɗanda suka sha zafi ko suka daɗe a ajiye sun fi yin haka.

Abin da ya cece mu a nan wasu ƙananan na'urori ne da ke rubuta zafi da laimar sito dare da rana. Lokacin sayensu Kawu ya yi ta mita, wai kuɗin banza ne tunda ga na'urar sanyaya ɗaki. Na fitar da bayanan watanni, babu ranar da sito ya haura iyaka. Na tura wa China.

Sannan muka yi ɗan gwajinmu da ruwan gwaji, wanda ake ɗigawa a tsinke maimakon jini, a duba ko lambar ta faɗa cikin tazarar da aka buga a jikin gwangwani. Sabon gwangwani daga jan tef, lambar daidai. Gwangwanin Hajiya da aka ciro daga aljihun motar Yaya ya haura, sai dai wannan ba hujja ba ce, ya kwana da yini a mota cikin rana, mun ɓata shaida da hannunmu. Wata ma'aikaciyarmu mai haɗa kaya a kwali ce ta lura da abin da ya wuce mu duka. Ta ce murfin wannan zubin ba ya yin ƙarar nan ta “ƙas” idan an rufe, kamar na da. Muka ɗauki gwangwanaye daga wannan tashgila da wata tsohuwa, muka riƙa buɗewa muna rufewa sau da yawa a yini kamar yadda mai ciwo yake yi, a ɗakin da ba sanyi. Kafin mako biyu na sabuwar sun fara haurawa, na tsohuwar suna nan daram.

Gwajin ofis ne, ba na ɗakin bincike ba, amma ya isa ya sa masana'anta ta sake dubawa. Sai ga gaskiya: sun canza mai kawo musu murfi. Murfin yana toshewa da kyau daga masana'anta, shi ya sa samfurinsu da ba a taɓa buɗewa ba ya ci jarrabawa. Bayan an buɗe shi sau da yawa ne yake sakin jiki, laima ta shiga ta fi ƙarfin abin tsotse danshi da ke ciki. Ma'aunin ISO 15197 na 2013 yana so kashi 95 cikin 100 na sakamako su kasance cikin tazarar kashi 15 cikin 100 na awon ɗakin bincike idan sukari ya kai 100 ko ya haura. Tsinkayen da suka sha laima sun yi nesa da haka. Abin da ya fi ba ni haushi, canjin murfin bai taɓa zuwa teburina ba. Su a ganinsu roba ce aka canza da roba. Amma kundin da aka ba da izini a kansa ya ƙunshi gwajin daɗewar tsinke a cikin wancan gwangwani da wancan murfi, don haka canji ne da ya kamata a auna haɗarinsa, a sanar da wakili, a ga ko sai Hai'a ta sani kafin kaya su hau jirgi.

Janye kaya

Daga nan masana'anta ta yanke shawarar janye tashgilar. Aka rubuta sanarwar gargaɗi da Larabci da Ingilishi, aka miƙa wa Hai'a tare da tsarin yadda za a tattaro kayan da lokacin da za a gama. A takarda abin a miƙe yake: ka buɗe littafin rarraba kaya, ka ga wa ya karɓi wace lamba, ka kira shi.

Manyan saidaliyyoyi ba su ba mu wahala ba, kwamfutarsu ta san komai, cikin kwanaki suka dawo da abin da ke kan kanta. Ƙananan masu saye ne matsala. Faturorin da Yaya ya yanka wa masu biyan kuɗi hannu suna da sunan kaya da adadi da farashi da haraji, babu lambar tashgila. Adireshin wasu tsofaffin abokan ciniki kuma yana unguwannin Sabil da Karantina da Kandara, waɗanda rusau ɗin Jidda na 2021 zuwa 2022 ya share. Mutanen suna nan, suna ci gaba da saye ta waya, amma littafinmu yana nuna gidajen da yanzu fili ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muka zauna fafewa, muna haɗa ranar fatura da ranar da kowace tashgila ta fita daga sito don mu yi kirdadon wanda ya sami wacce.

Sai kuma alhazai. Tashgilar ta fita gab da Hajji, kuma na'urar awon sukari ta zama tsaraba kamar dabino da zamzam. Najeriya kaɗai kujera 95,000 aka ware mata a 2023 da 2024, ban da Nijar da Ghana da Kamaru. Alhaji ya sayi na'ura da gwangwani uku a Makka don mahaifiyarsa a Gusau, ba suna, ba lamba. Ikon Hai'a ya tsaya a bakin iyaka. Kayan ba su shiga Najeriya ta hannun wani mai rajista da NAFDAC ba balle a bi ta kansa, a jaka suka tafi. Tsarin lambar shaida ta kowace na'ura, wanda Saudiyya ke tattarawa a rumbun Saudi-DI, yana gaya maka ko wane kaya ne, daga wace masana'anta. Ba ya gaya maka a wane ɗaki gwangwanin yake.

Nan ne Yaya ya biya bashinsa. Shi ya ce tunda ta murya labarin ya zo, ta murya zai koma. Muka fassara sanarwar zuwa Hausa ba ƙari ba ragi, na zauna kusa da shi don kada ya sassauta ta, domin sau biyu yana cewa “ɗan matsala kaɗan” ina sa shi ya sake. Ya karanta lambar tashgila a hankali, ya faɗi inda take a jikin gwangwani, ya ce a daina amfani da shi, wanda ke allura ya auna da wani tsinken ko ya je asibiti kafin ya ƙara ko ya rage. Aka haɗa da hoto aka tura wa masu saidaliyya, da masu yi wa alhazai hidima a masaukai, da malaman da ke rako ayari. Na sanya wannan a rahoton ci gaba a matsayin ƙarin hanya, ba madadin sanarwar hukuma ba.

Abin da ya dawo hannunmu bai cika biyu bisa uku na abin da ya fita ba. Wani kaso an riga an yi amfani da shi, saura ya bi jiragen alhazai. Haka na rubuta a rahoton ƙarshe, da adadin da dalilin.

Abin da masu bincike suka kama

Da jami'an Hai'a suka zo, ba su daɗe a kan murfi ba, wannan na masana'anta ne kuma ta amsa, ta koma wa tsohon mai kawo mata, ta sake gwajin buɗewa da rufewa. Littafin ƙorafi suka nema. Na riga na shigar da na direba da na mai saidaliyya, da ainihin ranakun da suka zo da ranar da aka rubuta su, ban ja kwanan wata baya ba ko da yake an ba ni wannan shawara a cikin gida. Tazarar ta fito fili, aka rubuta mana ita a matsayin saɓa wa tsarinmu, tare da rashin lambar tashgila a fatura, aka ba mu lokaci mu kawo gyara. Ban ga zalunci a ciki ba. Da an rubuta na direba ranar da ya zo, aka haɗa da na mai saidaliyya, mutum uku ke nan a lamba ɗaya, makonni kafin daren Hajiya.

Gyaran da muka kai ba shi da ado. Kwamfuta ba ta fitar da fatura sai an saka lambar tashgila. An ƙara wa yarjejeniyarmu da masana'anta sharaɗin sanar da mu duk canjin kaya ko mazubi kafin a yi. Duk ma'aikaci, har direba, idan aka yi masa maganar kaya ko a masallaci ne ko wajen biki, zai tura wa lambar ofis a ranar, ko da saƙon muryar ne kawai ya miƙa, ni zan rubuta. Kayan da aka dawo da su saboda ƙorafi kuma ba sa kwana a mota. Yaya har yanzu yana kai sabon kwali kyauta, wannan ba wanda zai hana shi, sai dai yanzu yana ɗaukar hoton tsohon kafin ya gaisa.

Wata uku bayan rufe fayil ɗin, hoto ya shigo lambar ofis daga wata lambar Nijar. Gwangwani ne a kan tabarma, lambar tashgilar a fili, saura tsinke kaɗan a ciki. Mai turowar ya ce daga Damagaram yake, saƙon ya iso masa ta hannun wani da ya ji a wurin wani, mahaifinsa ne ke amfani da shi. Na tambaye shi ko tsohon yana allura, ya ce ƙwayoyi yake sha. Na buɗe sabon shafi a littafin ƙorafi, na rubuta ranar, na tura wa China kwafi, Kawu kuma ya ba wani mai komawa daga Umara gwangwani biyu ya kai masa.